Furosesa a Cikin Goron Dada

Tun da abin nan ya faru kun hana ni sakat. A majalisa tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har mai shayin bakin tasha ba ya zuba min madara sai ya ce in ɗan taɓa masa labarin. Kowa kuma da irin ƙaryar da ya ji. Wani ya ce saniya ce ta haɗiye min kaya, wani ya ce an kama ni da ƙwaya a hanyar Wudil. To ga shi na zauna na buga muku da hannuna, da kwamfutar nan da kuke cewa ta girmi 'ya'yanku. Wanda bai iya karatu ba ya sa a karanta masa, kada a sake tare ni a hanya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ɗanjuma mai buga katin biki a Gaya. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, aka ce in koma gona. Waɗanda nake raɗa wa amsa a aji su ne yanzu ke ɗaga min hannu daga cikin mota, wasu ko gilashin ba sa saukewa. Allah dai yana gani.

Kwamfutata ta gwanjo ce, irin ta kan tebur, mai akwati kamar na lefe. Ta daɗe tana buga min katin suna da na ɗaurin aure, ba ta taɓa yi min gardama ba. Rigimar ta wajen 'yata Zulai ta ɓullo. Bara ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yi. Yarinyar nan ta san karatu, ba don tawa ce ba. Amma shagona a bakin tasha yake, ba wurin zaman 'ya mace ba ne, don haka ba ta taɓa riƙe maus, abin nan da ake jan kibiyar kwamfuta da shi, ba sai ranar. Hannunta ya kama rawa, kibiya ta gudu gabas ta gudu yamma, lokaci ya ƙare da sauran tambayoyi jingim. Da ta dawo ta ce min, “Baba, baɗi zan sake gwadawa. In na faɗi na haƙura da boko.”

Ni na san ɗanɗanon wannan haƙurin, har yau yana bakina. Na ɗauko kwamfutar na kawo ta gida.

Malaminsu ya ba ta manhajar gwaji a filashi, mai tambayoyi da agogo kamar na ranar jarrabawa. Muka sa. Kwamfuta ta yi gurnani, ta yi tunani, ta daskare. Na ɗauke ta a ka na kai wa Bala mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya hure ƙura, ya ce, “Yaya Ɗanjuma, furosesa ce. Ita ce ƙwaƙwalwar, ta tsufa, manhajar kuma ta yanzu ce. Ka sayi sabuwar kwamfuta kawai.”

Na ce, “Kai za ka saya min?”

Sai ya gyara zama. Ya leƙa babban allon ciki, wanda suke ce wa bod, ya ce zai iya ɗaukar wata furosesar da ta fi wannan, mai kai biyu, amma sai Kano. Ya kwance fanka, ya ɗaga wani ɗan marfi, ya zaro min abu mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce kwalin ashana ba. Samansa fari kamar azurfa, ƙasansa ɗigo-ɗigon ruwan zinariya. Ya ce in tafi da ita samfur, kamar yadda ake zuwa da tsohon fulogi wajen masu kayan babur. Na naɗe ta a hankici na jefa aljihu.

Ina sa takalmi matata Hajara ta ce, “Af, Dada ta aiko. Saniyarta Wule ta kwanta, ba ta cin komai. Ta ce in ka shiga birni ka nemo mata taimako wajen malamai.” Dada uwar Hajara ce, Bafulatana, tana zaune a wajen Gafasa. Suruka ba a ce mata a'a. Na ce to. Kafin in kai tasha maganar ta fice min daga kai.

A mota aka ba ni gaba, mu biyu a kujera ɗaya, giya tana dukan gwiwata. Abokin zaman nawa wani dattijo ne mai sayar da zobba. Da ya ji abin da ya fito da ni ya ce in nuna masa. Ya juya ta, ya kai baki ya ɗan ciza, ya ce, “Akwai zinariya, amma kaɗan ce. Zan taimake ka in karɓa.” Na fizge abata. Har muka haye gadar Wudil bai sake yi min magana ba, ni ma na huta.

Layin 'yan kwamfuta na Kano wata duniya ce. Abu na farko, ba sa gaisuwa. Na shiga shagon farko na yi sallama, na fara ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, ban kai ga yaya zafi ba mutumin ya ce, “Baba me kake so?” A Gaya ka yi wa babba haka sai an kai ƙararka gida. Abu na biyu, a tsaye suke cin abinci, cokali a hannu ɗaya waya a ɗaya. Abu na uku, kowa Alhaji ne in zai saya, in ya fasa ya koma malam.

Na kwance hankici na nuna. Mutumin ya kira maƙwabcinsa, maƙwabcin ya kira nasa. “Ku zo ku ga kakar furosesa! Baba a kabari ka tono ta?” Na ce, “Ita ta ciyar da gidana, kai me ka ciyar?” Suka ƙara fashewa. Haka na yi ta yawo shago-shago, masu kai mutum suna jan hannun rigata, har wani mai ɗan imani ya nuna min wani lungu ya ce in tambayi Oga Chidi.

Oga Chidi Inyamuri ne mai furfura, Hausarsa ta fi ta wasunku. Shi kaɗai ya amsa gaisuwata har ƙarshe, har ya tambayi mutanen Gaya. Ya jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur ya zazzage. Furosesa ce tuli, kamar kwabban da. Ya ce, “Mene ne lambar bod ɗinka? Ba duk wadda ta shiga gurbin ce zai karɓa ba. Wata za ta zauna daram, ka kunna, shiru.” Na buga wa Zulai waya, ta ruga wajen Bala ta haska cikin kwamfutar da tocila ta karanto masa. Ya tona, ya tona, ya ɗago ɗaya.

Yadda ya gwada ta ne ya tsaya min a rai. Bod tsirara a kan tebur, ba akwati ba maɓalli. Ya ɗora ta, ya rufe, ya taɓa wasu ƙusoshi biyu da bakin sukundireba. Fanka ta juya, gilashi ya kawo haske. Wallahi ban san lokacin da na rungume shi ba. Ya ce, “Malam sake ni, akwai wuta a jiki.” Muka yi ciniki, ya naɗe ta a farar takarda, ninki a kan ninki. Ya haɗa min da ɗan sirinji mai wani abu toka-toka a ciki. Ya ce man sanyaya ne, a ɗiga kamar ƙwayar dawa a samanta kafin a ɗora fanka, in ba haka ba za ta ƙone.

Yamma ta yi, na sauka wajen Sabo tela, ɗan garinmu da ke ɗinki a Fagge. Masauki dai tabarma ce tsakanin kekuna biyu, filo kuma buhun ƙyallaye. Ya sayo min fura don ya karrama ni. Jama'a, furar birni a inji ake dama ta, da madarar gari da ƙanƙara. Ni da na auri 'yar Fulani aka ba wa wannan. Na sha don kunya. Gurasar da ya haɗo da ita dai ba laifi, gaskiya ɗaya ce.

Da safe na sayi tsaraba: burodi, sabulu, alawar yara, da goron Dada a ganyensa. Sabo ya ce, “Ka kula da aljihunka a tasha, da reza suke yanka.” Na karɓi baƙin zare a wajensa na ɗaure takardar nan tam, na nannaɗe ta ko'ina. Na zauna na yi tunani irin na masu wayo: wane ɓarawo ne zai saci goron tsohuwa? Na buɗe ganyen na cusa ta tsakiyar goro na mayar na ƙulle. Har yaba wa kaina na yi.

A hanyar dawowa aka tsare mu a wani shinge, aka ce kowa ya fito da abin aljihunsa. Jami'in ya ɗaga sirinjin nan sama kamar ya kama ɗan fashi.

“Wa za ka yi wa allura?”

“Kwamfuta, ranka ya daɗe.”

“Kwamfuta ce ba ta da lafiya?”

“Zazzaɓi take yi in ta yi aiki.”

Ya matsa kaɗan a yatsa, ya shinshina, ya dube ni, ya ɗan lasa. Fuskarsa ta tattare. Ya tofar, ya miƙo min ya ce, “Tafi, Allah ya ba ta lafiya.” Wannan ita ce ƙwayar da aka ce an kama ni da ita.

Na iso Gaya da la'asar, na ajiye jaka a tsakar gida, na ce bari in leƙa majalisa. Nan laifinku ya shigo. Ku kuka riƙe ni, wannan ya ce yaya Kano, wancan ya ce da gaske Inyamurin na rungume. Sai bayan magariba na koma gida. Na tarar da jaka a ninke, wayam.

“Hajara, ina goron Dada?”

“Ai Buba ya zo cin kasuwa, na ba shi ya tafi mata da shi. Tsaraba ai ba ta kwana.” Buba ƙanenta ne, shi ke kiwon shanun Dada.

Na zauna a kan turmi. Zulai ta fito ta ce, “Baba ina furosesar?” Na ce, “Tana Gafasa.” Muka buga wayar Buba, a kashe. Wayarsa sai ranar kasuwa take ganin caji, ranar kuma ya manta.

Gari na wayewa na ari babur ɗin Bala, na goya Zulai. Rabona da tuƙi an jima. Wajen Toranke yashi ya kama ƙafar gaba, muka kwanta a hankali kamar masu shirin barci. Mata a bakin famfo suna ta sannu, sannu, gyale a baki, kafaɗunsu suna rawa. Zulai ma dariya take. Ni kaɗai ne ban ga abin dariya ba.

A gidan Dada na cire takalmi tun daga nesa, na tsuguna a bakin zana, kaina a ƙasa. Tun da na auri Hajara matar nan ba ta taɓa ce min komai ba bayan lafiya lau. A wajenta ni Bahaushe ne mara ko akuya, wanda ya ɗauke mata 'ya ya kai ta cin tuwo. Ranar kuwa sai ga ta ta fito da fara'a har kunne.

“Baban Zulai! Sannu da hanya, sannu da ƙoƙari. Ashe kai ɗan albarka ne ban sani ba. Ina buɗe goro na ga layar. Ban bari ta kwana ba, na kai wa baduku ya ɗinke ta da jar fata, na rataya wa Wule. Yau da asuba ta miƙe! Ta ci dusa, ta ci harawa, ta bi 'yan'uwanta fadama. Wane malami ne wannan? Nauyin layar ma daban ne.”

Ku gaya min, me zan ce? Yabon da na jira tun ina saurayi ne ya zo, a gaban mutane, har da ƙwaryar fura da nono na gaske an dire a gabana. In buɗe baki in ce wa surukata ƙarfen kwamfuta ta rataya wa saniya? Na ce, “Alhamdu lillahi, Dada.” Na ci gaba da kallon ƙasa. Da ni kaɗai na je, wallahi da sai dai in sha fura a bayan ɗaki in dawo hannu wofi.

Amma jika ba ta kunyar kaka. Zulai ta zauna a kan tabarmar Dada ta jawo ƙwaryar gabanta.

“Ke tsohuwa, ba laya ba ce. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ce, ta jarrabawata. A ba mu abarmu.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dada ta dube ni, ta dubi Zulai.

“Kwamfutar da ake cewa ta san komai?”

“Ita.”

“To shi ya sa! Yo ai dole ta yi aiki. Ba mai cire ta.”

“Dada, in babu ita faɗuwa zan sake yi. Zaɓi ɗaya, ni ko Wule?”

Jama'a, matar nan sai da ta yi tunani. Ta ɓare goro, ta tauna, ta kalli sama. Sannan ta ce, “Wule tana ba ni nono. Ke me kike ba ni ban da rashin kunya, 'yar boko mai ƙafa kamar sillen kara?”

“In na zama likitar dabbobi wa zai duba miki su kyauta, mai haƙori uku?”

“Huɗu ne, ƙirga da kyau.”

Suka yi ta yi, ni ina tsugune ƙafata ta mutu. Can Zulai ta ce, “Baba, ina tsohuwar furosesar?” Sai na tuna tana aljihuna a hankici. Ta karɓa ta ɗora wa Dada a tafin hannu.

“Ga yayarta. Waccan baƙuwa ce, jiya ta zo, ba ta san kowa ba. Wannan kuwa duk katin suna da na ɗaurin auren ƙasar nan ta cikinta suka bi. Har na auren Kawu Buba.”

Dada ta auna ta a hannu, ta kai kusa da ido. “Wannan ce babbar?”

“Ita ce.”

“To me ya sa tun farko aka kawo min ƙaramar?” Ta harare ni. Yabon nawa ko wuni bai yi ba.

Ni a raina na san Buba ya sayo maganin tsutsa a kasuwa ya ɗura wa saniyar, na ga kwalbar a jingine da rumbu.

Saura kamo Wule. Muka bi sawu zuwa fadama. Bazara ce, ruwa ya janye sai wani tafki guda, shanu sun shiga har gwiwa. Daga nesa na hango ta, fara mai baƙin kunne, jar laya tana lilo a wuyanta. Ta sunkuya za ta sha, layar ta taɓa ruwa. Ta ɗago. Ta sake sunkuyawa.

Ban san na iya gudu haka ba. Na faɗa tafkin da shaddata ta zuwa Kano, ina ihu, “Ɗago kanki! Ɗago kanki don Allah!” Shanu suka watse. Na cafki igiyar wuyanta, ta ja ni, na bi ta a ciki, laka har baki, hulata ta kama hanyarta. Buba yana tsaye a kan tudu da sanda a kafaɗa, ya bari sai da na sha na ƙoshi, sannan ya yi wani ɗan kira a hankali. Saniyar nan ta taka ta je gabansa ta tsaya kamar amarya. Ya kwance layar ya miƙo min. “Yaya, da ka yi magana ai.”

Muka farke ɗinkin da reza. Allah ya yi wa badukun nan albarka, ya ɗinke ta ruf. Takardar ta ɗan yi sanyi daga waje, ciki a bushe. Warin saniya dai ya kama ta.

Da muka koma Gaya, Bala ya goge ta da sifirit. Ya nuna min ɗan alamar zinariya a kusurwa ɗaya, ya daidaita shi da na gurbin, ya sake ta a hankali. Ya ce ƙusoshin cikin gurbin sun fi gashi laushi, ɗaya ya lanƙwashe an gama. Ya rufe marfin, ya ɗiga abin da jami'i ya rage mana na man, ya ɗaure fanka, ya danna.

Fanka ta juya. Gilashi baƙi ƙirin.

Na ce, “Bala.” Ya ce, “Tsaya.” Na ce, “Bala, saniya ta lalata min ita.” Zulai ta leƙa bayan tebur ta ɗago wata waya. “Wannan ba a jikin gilashin take ba?” Ya karɓa bai kalli kowa ba, ya soka. Ƙit! Haske ya kawo. Manhajar da ta gagare mu ta buɗe kafin in ƙifta ido, ga tambayoyi ga agogo yana tafiya.

An ce na yi rawa a ƙofar shagon Bala. Na yi. Da lakar Gafasa a kunnena na yi ta, wanda ya ga dama ya sake faɗa.

Daga ranar kullum Zulai tana kan kwamfutar, in babu wuta in tayar da ɗan janareta. Da fari kibiyar tana gudu, daga baya ta koma bin ta kamar yadda Wule ke bin Buba. In injin ya ɗau zafi Hajara ta rantse tana jin warin garke a ɗakin.

Ranar jarrabawa ni na kai ta. Na zauna a gindin darbejiya da sauran iyaye, na sayi rake na kasa sha. Da aka fara fitowa na hango ta, ba ta sauri ba ta kuka. Ta zo ta tsaya a gabana ta miƙo min hannun dama, a buɗe, a tsaye cak.

“Baba, bai yi rawa ba.”

Na ce, “To, hau mu tafi.” Na buga babur ɗin Bala na fizga. Sai da na kusa gidan mai na ji bayana ba nauyi. Na waiwaya, ga ta can a gindin bishiya ta riƙe ciki tana dariya.

Sakamako ya fito, ta ci, har da rara. Da labari ya kai Gafasa Dada ta aiko da man shanu, ta ce a gaya wa yarinya ta riƙa tunawa da Wule, don a wuyanta abin ya kwana ya ɗauko albarka. Ni da na je Kano, na kwana a kan ƙyallaye, na sha laka, ko sunana ba a ambata ba. Na saba.

Tsohuwar furosesata tana nan a wuyan saniya, an ce har ta yi ƙiba. Mutum biyu daga wajen su Dada sun zo shagona suna tambaya a asirce ko akwai saura. Babu. Mai so ya hau mota ya je layin da ba a gaisuwa ya nemo da kansa. Ni yanzu katin walimar Zulai nake bugawa, kuma wanda ya ce an kama ni da ƙwaya kada ya jira nasa.